Manhajojin lissafin albashi na Poland: inda suke daidai da inda suke ruɗar ma'aikacin awa

Tallan aiki a ma'ajiyar kaya ko masana'anta a Poland yawanci da kuɗin awa yake zuwa, misali zloti (kuɗin Poland) 35 brutto a awa, wato kafin a cire haraji da inshora. Abin da ma'aikaci yake son sani kuwa shi ne nawa za su shiga asusunsa a ƙarshen wata, nawa kuma a shekara. Shafukan lissafin da ake kira kalkulator wynagrodzeń iri biyu ne a intanet, kuma ingancinsu ba ɗaya ba ne.

Iri na farko su ne masu sauya awa zuwa wata da shekara kai tsaye. Kana rubuta 35, sai su ninka da awa 40, su ninka da mako 52, su ba ka awa 2080 da zloti 72,800 a shekara. Saurinsu ya yi, amma lissafin bai dace da dokar ƙwadagon Poland ba. Sashe na 130 na wannan doka, Kodeks pracy, ya tsara yadda ake ƙirga awannin kowane wata, kuma duk ranar hutun ƙasa da ba ta faɗa a Lahadi ba tana rage awa 8, ko da a ranar Asabar ta zo. A 2025, shekarar da 24 ga Disamba ta zama ranar hutu, kwanakin aiki 249 ne, wato awa 1992. A zloti 35 hakan ya kama 69,720. Zloti 3,080 ke nan da waɗannan shafuka suke ƙara wa mutum a takarda, waɗanda ba zai taɓa gani ba.

Raba shekara gida 12 ma wani kuskuren ne, domin watanni ba su yi daidai ba. Yuli da Oktoba na 2025 kowanne awa 184 ne, Nuwamba kuwa 144 kacal. Mai zloti 35 a awa zai sami 6,440 a Yuli, ya dawo 5,040 a Nuwamba, alhali kuɗin haya bai ragu da ko sisi ba. Wanda zai ƙulla yarjejeniyar haya ko ya ɗauki alƙawarin aika kuɗi gida duk wata, ya gina lissafinsa a kan wata mafi gajarta.

Iri na biyu su ne masu sauya brutto zuwa netto, wato abin da ya rage bayan an cire haraji da inshora, irin na wynagrodzenia.pl da na Pracuj.pl. Waɗannan su muke ba da shawarar a yi amfani da su, da sharaɗin mutum ya ninka awanninsa da kansa tukuna, sannan ya shigar da jimlar watan. Mun bi lissafin da hannu a kan kwantiragin umowa o pracę (na cikakken ma'aikaci a ƙarƙashin dokar ƙwadago), wata mai awa 168, wato zloti 5,880 brutto. Hukumar inshorar zamantakewa ta ZUS tana cire kashi 13.71 cikin ɗari: 9.76 na fansho, 1.5 na naƙasa, 2.45 na rashin lafiya. Sun kama 806.15, saura 5,073.85. A kan wannan ragowar ake cire kashi 9 na inshorar lafiya, 456.65. Wajen haraji, ana fara rage zloti 250 na kuɗin ɗawainiyar aiki da ba a yi wa haraji daga 5,073.85 ɗin, a ɗauki kashi 12 na abin da ya rage, sannan a sauke 300 na rangwamen haraji, harajin ya tsaya a 279. Abin da ke shiga hannu 4,338.20 ne. Duk manhajar da ta ba da wannan adadi da waɗannan zaɓuɓɓuka, lissafinta ya tafi daidai.

Wannan 300 ɗin nan ne mutane suka fi faɗawa rami. Sai ma'aikaci ya cike takardar PIT-2 ya miƙa wa mai aikin kafin a riƙa sauke masa ita duk wata. Idan bai miƙa ba, albashinsa zai ragu da 300 a wata, sai bayan ya shigar da bayanan harajin shekara a mayar masa. Manhaja ba ta san ko ka miƙa ba, abin da ka zaɓa take bi, shi ya sa takardar albashi take fitowa ƙasa da abin da waya ta nuna. Haka ma tsarin ajiya na PPK, wanda ke cire kashi 2 daga ma'aikaci muddin bai rubuta cewa ya fita ba.

Nau'in kwantiragi ya fi komai sauya sakamako, kuma baƙi da ke shiga ta kamfanonin samar da ma'aikata galibi umowa zlecenie ake ba su, kwantiragin da ba ya ƙarƙashin dokar ƙwadago. A wannan kwantiragin mafi ƙarancin kuɗin awa a 2025 zloti 30.50 ne, a 2026 kuma 31.40. Kuɗin ɗawainiyar da ake ragewa kafin lissafin haraji kashi 20 ne, inshorar rashin lafiya ta ganin dama ce, kuma doka ba ta ba da hutun shekara mai albashi ko ƙarin kuɗin wuce lokaci ba. Wanda ya huta kwana 20 ya rasa awa 160, a zloti 35 shekararsa ta sauko daga 69,720 zuwa 64,120. Mai umowa o pracę yana da hutun kwana 20 ko 26 da albashinsa, da ƙarin kashi 50 ko 100 a kan awannin wuce lokaci. Adadin netto da manhaja ke nunawa na wata ɗaya ba ya nuna darajar waɗannan, don haka zlecenie yakan fito kamar ya fi tsoka alhali ba lalle ba ne.

Shekaru ma suna da tasiri. Wanda bai kai 26 ba ba ya biyan harajin kuɗin shiga har zuwa zloti 85,528 a shekara, ɗalibi ɗan ƙasa da 26 a kan zlecenie kuwa ko ZUS ba a cire masa. Idan aboki ɗalibi ya gaya maka abin da yake karɓa a awa, kada ka auna naka da nasa.

Raunin da ya rage wa manhajoji masu kyau shi ne yawancinsu da harshen Poland suke, kuma ba su san da kuɗin masauki ko na mota da wasu kamfanoni ke yankewa daga albashi ba. Wannan a kwantiragi ake duba shi. Kafin ka danna lissafi, tabbatar ka zaɓi shekarar da ake ciki, domin mafi ƙarancin albashin wata ya tashi daga 4,666 a 2025 zuwa 4,806 a 2026, kuma ka tambayi mai aikin ko kuɗin awan da ya faɗa brutto ne ko na rękę, wato abin da ke shiga hannu.