Man za'atar na daji: abin da na gani a kwalba biyu

Shekara uku ke nan ina haɗa sabulun wanka a gida, kuma bara na fara zuba masa man za'atar, ɗan'uwan tayim ɗin da muke sawa a girki. Kwalbar farko, 'yar mililita 10, yayata ce ta taho min da ita daga Maroko. Ƙamshinta mai sanyi ne, ya fi kama da kafur, masu saye ma sun yaba.

Da ta ƙare sai na yi odar wata ta intanet, an rubuta man za'atar na daji daga Sifaniya. Ina buɗe murfin ƙamshi ya doki hancina, mai kaifi kamar na maganin kurkure baki. Na ɗiga ɗigo ɗaya a bayan hannu don in gwada. Kafin in ajiye kwalbar wurin ya yi jajir, yana raɗaɗi kamar an goga barkono, sai da na shafa man kwakwa ya lafa.

Na zaci jabu aka aiko min. Ashe mai kyau ne, tsiron ne ba ɗaya ba. Na Maroko, a sunan kimiyya, Thymus satureioides ne, sinadarin da ya fi yawa a cikinsa borneol. Na Sifaniya kuwa Thymus zygis ne, kusan rabinsa thymol, wanda ake sawa a maganin kurkure baki na Listerine don kashe ƙwayoyin cuta. Thymol ɗin da wani sinadari makamancinsa mai suna carvacrol su ne masu ƙona fata. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, ko a jinsi ɗaya ana samun wannan bambanci. A tsaunukan da ke kusa da Montpellier, a kudancin Faransa, tayim na daji ya kasu shida ta fuskar sinadari: masu thymol da carvacrol sun fi son wuri mai zafi da fari, masu linalool da geraniol kuma sun fi jure sanyi.

Man yana da ƙarfi, bai da gauraye, ɗigo kaɗan ke ƙamsasa sabulu. Inda nake ƙorafi shi ne takardar jikin kwalbar: ba a rubuta nau'in sinadarin ba, balle gargaɗi, sai da na matsa wa mai sayarwa ya turo min takardar gwaji. Wannan sakaci ne, domin uwa na iya shafa wa jaririnta.

Yanzu ɗigo biyu nake sawa a babban cokali na man kwakwa, kuma na daina saka shi a sabulun yara.