Ma'aunin zafi mai allura biyu: ya biya kuɗinsa wajen gasa naman ƙirjin shanu

Na sayi ma'aunin nan ne saboda brisket, wato naman ƙirjin shanu da mutanen Texas ke gasawa da hayaƙi. A nan Houston kowa da lissafinsa: wani ya ce awa ɗaya ga kowace laba (kusan rabin kilo), wani ya ce awa ɗaya da rabi. Duka kirdado ne. Naman ba ya bin agogo, zafin cikinsa ne ke faɗa maka inda aka kwana, aikin ma'aunin ke nan.

Allurai biyu gare shi. Ɗaya a soka ta a tsokar, ɗaya a maƙala ta a ragar murhu kusa da naman, duka suna aiko da lamba zuwa waya. Ta biyun ce ta fi yi mini amfani, domin ma'aunin da ke jikin murfin murhu zafin sama yake karantawa, nesa da inda naman yake kwance. Ana son wutar ta zauna tsakanin digiri 107 da 121 na Salshiyas, wato 225 zuwa 250 a ma'aunin Amurkawa. A haka, ƙirji mai kilo 6 yakan ci awa 12 zuwa 16, wani ma ya zarce.

Inda ya fi burge ni shi ne lokacin da naman ke cijewa. Da zafin cikinsa ya kai wajen digiri 65 zuwa 75, sai lambar ta tsaya cak, awa biyu, uku, har fiye. Ruwan jikinsa ne ke fita yana sanyaya shi, kamar yadda gumi ke yi wa mutum. Wanda bai ga lambar ba zai ɗauka wuta ce ta yi ƙasa, ya ƙara gawayi, ya busar da naman. A nan ne ake naɗe shi da takardar mahauta ko takardar alminiyum. Ni takardar mahauta nake so, domin ɓawon gishiri da masoro da ke jikin naman ba ya jiƙewa sosai. Idan lambar ta kai 93 zuwa 96, jijiyoyin sun narke, allurar na shiga ba tare da turjiya ba. Sai a sauke, a sa a kula ya huta aƙalla awa ɗaya.

Yana da aibunsa. Manhajar wayar na ƙiyasta sauran lokaci, amma da naman ya cije sai ta ruɗe, lissafin ya yi ta sauyawa. Kada ka dogara da shi ka sa wa baƙi lokaci. Kuma idan ka shiga can cikin gida sadarwar takan yanke.

Abin da ma'aunin ba zai faɗa maka ba shi ne yawan naman da za ka saya. Bayan an rage kitse an gasa, kusan rabin nauyin ya tafi: kilo 6 ɗanye zai dawo 3 zuwa 3 da rabi. Gidajen gashi na Texas sukan lissafa rabin laba gasasshe ga mutum guda, kusan kwatan kilo, suna bayarwa da burodi da albasa. Ke nan ƙirji ɗaya ya ishi mutum 12 zuwa 14. Idan akwai shinkafa a gefe zai kai fiye da haka, idan kuwa samari ne zalla, ka rage lissafin zuwa 10.

Mai gasa tsire ko balangu ba ya bukatar wannan na'ura, ido da hannu sun ishe shi. Mai niyyar kwana yana gadin naman ƙirji a kan wuta, ya saya, ya kuma haɗa da allurar ajiya, domin wayar da ke jikin allurar ba ta jure harshen wuta.