Sikelin awon nauyi da na sawo a Babbar Kasuwa, bayan wata uku

Wata uku kenan da na sayi sikelin nan mai fuskar gilashi da ake hawa yana nuna lamba, kuma tunda mutum biyu a majalisarmu sun tambaye ni ko ya ci kuɗinshi, bari in faɗi yadda na same shi. Ba gayu ya sa na saye shi ba, awon hawan jini na je yi sai nas ɗin ta aza ni bisa sikeli, ta rubuta wata lamba a kati ta ce Baba BMI ɗinka ya haura fa, a rage tuwon dare. Kunya ta hana ni tambayarta mi ake nufi da BMI, wato lambar da ke nuna ko nauyin mutum ya dace da tsawonshi, na dai ce to ɗiyata, na fito.

Washegari na shiga Babbar Kasuwa wajen masu kayan lantarki, munka daidaita da wani yaro a kan dubu 18 bayan ya fara da 25. Batir ƙanana guda uku yake ci, yana haɗuwa da waya ta Bluetooth, akwai manhajar da ake saukewa wadda ita ke fitar da BMI ɗin. Yaron ne ya saita mini a nan shagon, ya ce Alhaji tsawonka nawa, na ce wallahi ban taɓa aunawa ba, sai ya dube ni sama da ƙasa, ga hula a kaina ga takalmi, ya ce ai ka kai 180. Ya rubuta. Na hau, kilo 84, waya ta nuna 25.9. Na dawo gida Mabera ina ta murna wai ashe ɗan kaɗan ne na haura, nas ɗin ce da ƙarin gishiri.

Sati biyu ina yawo da wannan 25.9 a baki, har ranar da na je karɓar ɗinki na roƙi telana ya auna ni da tef ɗinshi. Na cire hula da takalmi na jingina da bango, ya aza littafi bisa kaina ya ja layi da alli, santimita 172. To a nan ne na zauna na koyi lissafin da kaina, ashe abin ba ya ma buƙatar wata manhaja. Tsawonka a mita za ka ninka da kanshi, sannan ka raba nauyinka na kilo da abin da ya fito. Nawa 1.72 sau 1.72 ya ba da 2.96, kilo 84 a raba da 2.96 ya ba da 28.4. Santimita 8 kacal da yaro ya ƙara mini don in ji daɗi in saya, su ne sunka sauke ni daga 28.4 zuwa 25.9, saboda tsawon sau biyu yake shiga lissafin. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya ga manya, ƙasa da 18.5 rama ce, daga 18.5 zuwa 24.9 daidai, 25 zuwa 29.9 nauyi ya yi yawa, 30 zuwa sama kuma ƙiba ce sosai. Kenan ni ina dab da ƙofar ƙarshe, kuma in zan koma 24.9 sai na sauka zuwa wajen kilo 74, kilo 10 cur.

Shi sikelin kanshi ban ga laifinshi ba wajen nauyi. Na gwada shi da jakar fiya wata mai ƙulli 20 na rabin lita, tunda lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, na hau ni kaɗai sannan na hau rungume da jakar, ya ƙara kilo 10 da ɗan ɗigo. Amma sai a kan tayil ko siminti marar gargada. Ranar da uwargida ta aza shi bisa kafet ɗin falo sai ya nuna ta rage kilo 3 a dare ɗaya, har ta fara salati. Ita nata ma 61 ne a tsawon 1.60, wato 23.8, lafiya lau, amma duk zuwan Inna gidan sai ta ce an bar mata ɗiya ta rame, ko ba a ba ta abinci ne. Na nuna mata lambar a waya ta ce in kai wa wanda ya ƙera wayar.

Inda na fi jin haushi shi ne sauran lambobin da manhajar ke jerowa, wai kitsen jiki kashi kaza, ruwan jiki kashi kaza, har da shekarun jiki. Ƙarafunan nan huɗu da ake takawa da ƙafa ba takalmi wata 'yar wutar lantarki suke turawa cikin jiki wadda ba a ji, daga nan su yi kirdadon kitse, shi ya sa ma takardar ciki ta hana mai na'urar bugun zuciya hawa. To kirdadon nan yana bin ruwan da ke jikinka, a zafin garin nan na watan Afrilu da ake haura digiri 40, ka auna da asuba ka sake aunawa bayan la'asar ka sha zufa, lamba biyu daban za ka gani. Na daina kallonsu. Ga talla da ke faɗowa kowane lokaci tana cin data.

Sai kuma ɗan yayata da ke kokawa, yaro ne kamar an sassaƙa shi, ko tumbi babu. Kilo 92, tsawo 1.75, lissafi ya ba da 30, waya ta yi ja ta ce mai ƙiba ne. Ya ce Kawu wannan abin naka ba shi da hankali. Gaskiyarshi, lissafin bai san tsoka ba bai san kitse ba, nauyi kawai ya sani. Wanda ya fara fito da shi ma, Adolphe Quetelet ɗan Beljiyam, a shekarun 1830, masanin lissafi ne ba likita ba, jama'a yake aunawa a dunƙule, sai a 1972 wani Ba'amurke Ancel Keys ya raɗa mishi sunan da ake kira yanzu. Haka mai juna biyu ba ta amfani da waɗannan iyakoki, yara ma nasu jadawalin daban ne da ke bin shekaru, don haka na hana a riƙa aza ƙananan gidan ana yanke musu hukunci.

Da na koma asibiti nas ɗin ta ƙara mini wata dabara, wai ƙugu kada ya kai rabin tsawo. Rabin 172 shi ne 86, tela ya zagaya tef ta saitin cibiya ya samu 98, ya ce Alhaji dama ni na daɗe da sani, yadi nake ƙara maka duk sallah ban faɗa ba.

Wanda zai saya, ni dai shawarata ya ɗauki marar Bluetooth ɗin, na gan shi a shagon kusan rabin kuɗin wannan, sauran canjin ya sayi tef na ɗari biyar, kalkuletar waya ta ishe shi. Nawa yana nan ƙarƙashin gado, duk Juma'a da safe kafin karin kumallo nake jawo shi. Wannan satin 81.6 ya nuna, wato 27.6, kuma furar bayan azahar ce har yanzu munka kasa rabuwa.