Masu jinyar gida da suka yarda Yayana ciwo yake ji

Yayana ya shekara 19 yana fama da ciwon ƙwaƙwalwa, irin wanda mutum ke jin muryoyi, likitoci na kiransa sikizofireniya. Da dajin hanta ya kama shi, abin da ya fi ci mini rai shi ne da ya yi nishi sai a ce "ciwonsa ne ya motsa". Har a asibiti an faɗa mini haka.

Da likita ya ce ba sauran aiki, sai aka haɗa mu da sashen da ke sauƙaƙa wa marasa lafiya raɗaɗi a ƙarshen rayuwa, a wani asibitin koyarwa. Wata huɗu suna zuwa mana gida.

Ranar farko nas ɗin ta zauna a tabarma ta ce, "Malam, nuna mini inda ke ciwo." Shi ta tambaya, ba ni ba. Ya dafa ƙasan haƙarƙarinsa na dama. Aka rubuta masa morfin na ruwa, wato maganin kashe raɗaɗi mai ƙarfi, da maganin sakin ciki domin morfin na ɗaure ciki. Daren nan ya yi barci har kiran asuba.

Da ya fara ƙin sha, wai an zuba masa guba, ba su danne shi ba. Suka bar shi ya auna da sirinji da hannunsa a gabana, ya yi bisimilla ya sha. Sun kuma koya mini bambance ruɗewar da hanta ke kawowa da tsohon ciwonsa: barcin rana, farkawar dare, hannu na karkarwa, da manta ranar da ake ciki. Haloperidol, maganin ƙwaƙwalwar da ya daɗe yana sha, ba su yanke ba, rage shi suka yi saboda hantar.

Inda suka gaza, ba wanda za ka kira da dare. Sau biyu morfin na yankewa a kantin maganin asibitin. Kuma ba sa magana da likitansa na ƙwaƙwalwa, ni ke yawo da kati a adaidaita sahu tsakaninsu. Wannan ya kamata su gyara.

Duk da haka, wanda ke da irin majinyacina ya neme su da wuri. Mu mun makara. Allah ya ji ƙan Yaya. Ranar uku nas ɗin ta zo ta'aziyya, ta karɓi ragowar morfin ta mayar asibiti.