Wane rufi ne zai ɗauki sola: kwano, alminiyam, mai tsakuwa ko dekin?

Malam, ka ce gininka na Kano ya kai linta, kana da niyyar ɗora sola idan an gama, kafinta yana ce maka ka sayi kwano mai tsakuwa, ƙaninka kuma yana cewa ka zuba dekin. Na ji daɗi da ka yi tambayar tun katako bai hau ba, domin yawancinmu sai an rufa gida an shiga, sannan a kira mai sola a ce ya san yadda zai yi.

Abin da za ka fara riƙewa shi ne shekaru. Farantin sola mai kyau kamfanoni na ba shi garantin shekara 25 yana bayar da wuta. Duk rufin da zai gaji kafin nan, ranar da za ka sauya shi sai an kwance farantai da ƙarafunansu da wayoyi, an sauke, an sake ɗorawa, ka biya kuɗin aiki sau biyu. Nauyi ba shi ne babbar damuwa ba. Faranti mai wat 550 yawanci wajen kilo 28 ne, tsawonsa mita 2 da 'yan kai, faɗinsa mita 1 da ɗan ɗoriya. Guda 8 da ƙarafunansu za su kai kilo 250, amma a baje suke a fili mai kusan murabba'in mita 21. Abin tsoro shi ne tsatsa, yoyo, da guguwar farkon damina wadda ke shiga ƙarƙashin faranti ta ɗaga shi sama.

Kwanon da muka saba, na bandir mai falle 20, shi ne mafi araha, kuma shi ne na fi tausaya wa wanda ya ɗora masa sola. Ƙarfe ne da aka shafa wa tutiya don kada ya yi tsatsa, kuma mai arahar cikinsa siriri ne ƙwarai, mutum na takawa ya lotsa. Akwai wani abu da masu haɗa sola ba su cika faɗa ba: ruwan saman da ya gangaro daga kan gilashi da alminiyam yana cin tutiya da sauri fiye da wanda ya faɗo kan kwanon kai tsaye, saboda a wuri ɗaya yake ta ɗiga yana wanke kariyar. Shi ya sa za ka ga jan layin tsatsa daidai bakin farantin ta ƙasa, alhali sauran rufin bai komai ba. Idan shi ne a kan gidan mutum tuntuni, to a lallaɓa, a shafa fenti mai hana tsatsa inda ruwan ke sauka. Amma kai da kake sabon gini, kada ka fara.

Dogon kwanon alminiyam, wanda ake yanko maka daidai tsawon rufinka, ya sha bamban. Ba ya tsatsa, babu gaɓa a tsakiya da ruwa zai bi, kuma jinsinsu ɗaya da firam ɗin farantin da ƙarafunan da ake ɗora shi a kai, don haka ba sa cin juna. Rauninsa taushi. Mai kaurin milimita 0.45 yana lotsewa idan an hau, kuma da yake alminiyam na miƙewa da rana ya koma da dare, ramin noti yana ƙara faɗi a hankali har ya fara ɗiga. Kada ka sauka ƙasa da 0.55, idan da hali 0.7, kuma a auna maka a gabanka, kada ka tsaya ga abin da aka rubuta a rasit. Ɗan'uwansa aluzinc ƙarfe ne da aka lulluɓe da haɗin da kashi 55 cikin ɗari alminiyam ne, sauran mafi yawa tutiya. Ya fi alminiyam zalla ƙarfi a kauri ɗaya, ya fi jure taku, kuma ruwan da ke gangarowa daga gilashi ba ya yi masa ɓarnar da yake yi wa kwanon bandir. Sai dai bakin da aka yanka yakan yi tsatsa, kuma ba ya shiri da ɗanyen siminti, don haka a kula lokacin filasta. A duka biyun ƙa'idar ɗaya ce: noti ya shiga ta tudun kwano, ba ta kwarin da ruwa ke gudu ba, da wosha ta roba, kuma ya kama katako. Notin da kwano kaɗai ya riƙe, iska ce mai shi.

Yanzu mai tsakuwa, wanda kafintanka ke so. Ban ce ba shi da kyau ba. Yana da kwarjini, ruwan sama ba ya ƙara a kansa, kuma mai inganci yana daɗewa, tunda aluzinc ne a ciki aka manna masa tsakuwa. Amma ƙananan falle ne da ake jerawa wani kan wani, don haka ɗora sola a kai na buƙatar ƙugiya ta musamman da ake zurawa ta ƙarƙashin falle a ɗaure a katako. Wanda bai da ita sai ya huda kai tsaye ya cika gam, gam ɗin kuwa ranar Kano ba ta barin sa ya yi shekaru. Takawa ma sai wanda ya san inda ake sa ƙafa, in ba haka ba ya lotsa, tsakuwar ta goge.

Babbar matsalarsa ma ba a jikin kwanon take ba, a salon da ake rufa shi ne. Salon da ake yayi yanzu shi ne rufi mai tsini, mai kusurwa barkatai. Kano tana kan digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, don haka faranti ya fi son ya kalli kudu a ɗan kishingiɗe, digiri 10 zuwa 15. Daga ƙarshen Afrilu zuwa wajen ƙarshen Agusta ma rana ta ɗan arewa da kanmu take bi da tsakar rana. Farantin da aka manna a rufi mai tsayuwar digiri 40 yana asarar wuta a waɗannan watanni, daidai lokacin da hadari ke rage hasken. Sannan ka tuna hunturu. Ƙura na kwantawa a kan gilashi ta rage wuta, dole a riƙa wankewa, wa za ka tura kan wannan tsinin da bokiti duk mako? Wannan ne ya fi damuna, domin na ga gidajen da aka kashe kuɗi sosai, farantai sun yi futu-futu har damina ta zo ta wanke su, masu gidan suna ta zargin batir.

Ƙaninka ya yi gaskiya a kan abu ɗaya: a wajen sola babu kamar dekin. Kai za ka zaɓi inda farantai za su kalla da yadda za su karkata, yaro zai hau ta bene ya wanke ba fargaba, iska kuma na ratsawa ta ƙarƙashinsu. Wannan iskar kuɗi ce. Faranti yana rasa kusan kashi 0.3 zuwa 0.4 cikin ɗari na ƙarfinsa a kan kowane digiri da zafinsa ya haura 25, kuma da bazara jikinsa kan kai 65, ka ga an yi asarar fiye da kashi 10. Ko a kan kwano ne, a bar tazarar inci 4 tsakaninsa da rufi. Nauyin farantai kuwa ba ya gaban dekin, wanda mai kaurin santimita 15 shi kansa yana kai kilo 360 a kowane murabba'in mita. To a nan gizo ke saƙar. Wannan nauyin tun daga tushe ake yi masa lissafi, da ginshiƙai da rodi. Idan an haƙa tushen gidanka da niyyar kwano, kada ka zuba dekin don maganar ɗan'uwa sai injiniya ya zo ya duba. Kuma idan an zuba, kada a huda shi don kafa ƙarfe. A zuba ƙananan dungun kankare a ɗaure ƙafafun a jikinsu, a nisanta farantai daga katangar saman don inuwa, a tabbatar ruwa na gangarawa indararo.

Rufin asbestos ba na sabon gini ba ne, amma don masu tsohon gida: kada a huda shi, ƙurarsa na jawo cutar daji a huhu, ga shi yana fashewa da mutum. Soron ƙasa mai azara shi ma gara a kafa wa sola ƙarfenta daban a tsakar gida.

Da ni ne a matsayinka, aluzinc ko alminiyam mai kauri 0.55 zuwa sama zan saya, mai launi mai haske, in ce wa kafinta ya fitar min da fuska ɗaya mai faɗi da ke kallon kudu, marar tsini, wadda tankin ruwa ko bishiya ba sa yi wa inuwa. Rarar kuɗin da mai tsakuwa zai ci sai in zuba a katako: busasshen tu-bai-fo (mai inci 2 da 4) da aka shafa wa maganin gara, a matso da jerin a ɓangaren da sola za ta zauna, a ɗaure shi da bango da ƙarfe sosai. Idan kuma ranka na kan dekin, injiniya zai iya fitar maka da shi a kan gareji ko baranda kawai, murabba'in mita 25 zuwa 30 ya ishi farantai 8 har da wurin takawa. Kafin a buga silin, ka sa a zura bututu daga rufin zuwa ɗakin da batir da inbata za su zauna, ɗakin ya zama kusa kuma mai shan iska, domin doguwar waya tana cin wuta tana cin kuɗi.