Serengeti ko Masai Mara? Abin Dubawa Kafin Ka Biya Kuɗin Zuwa Kallon Ƙaurar Nyumbu

Wanda ya tashi a ƙasarmu ya san tashin Fulani: rani ya yi, a gangara kudu da shanu neman ciyawa da ruwa, damina ta faɗi, a juyo. Haka nyumbu ke yi tsakanin gandun dajin Serengeti na Tanzaniya da na Masai Mara na Kenya, sai dai su ba makiyayi ba sanda, kuma a ƙiyasin da aka saba bayarwa sun haura miliyan ɗaya. Nyumbu sunan da masu jin Sawahili ke kiran dabbar da Turawa suka sani da wildebeest. Dangin kanki ne, kansa kamar na sa, ga geza ga gemu, ƙugunsa a sauke kamar na kura. Jakunan dawa wajen 200,000 da ɗimbin bareyi ne ke rufa musu baya.

Tafiyar tana cin kuɗi, kuma da dala ake biya. Abin da ke ɓata mini rai shi ne ganin mutum ya tara guminsa, ya ga hoton wani masauki mai kyau a Instagram, ya biya, ya isa ya tarar garken yana can nisan kilomita ɗari biyu. Ruwan sama nyumbu ke bi. Saboda haka wata ake fara zaɓa, watan ya nuna maka wuri, sannan a zo maganar masauki.

Watan haihuwa da watan tsallaka kogi

Daga ƙarshen Janairu zuwa Maris garken yana kudu, a filayen Ndutu, inda Serengeti ta haɗa iyaka da yankin Ngorongoro. Tokar da dutsen Ol Doinyo Lengai ya daɗe yana amayarwa ta sa gajeriyar ciyawar wurin ta wadatu da sinadaran da mai shayarwa ke bukata, shi ya sa a nan suke haihuwa. Cikin mako biyu zuwa uku, galibi a Fabrairu, ana haifar 'yan maruƙa kusan 500,000. Da sanyin safiya sai ka ga uwa ta ɗan ware gefe, ɗa ya faɗo a jiƙe, ya yunƙura ya kife, ya sake yunƙurawa, kafin shayin da ke hannunka ya huce ya miƙe yana bin ta da gudu. Kuraye da zakuna da rabbi suna nan kewaye suna jiran wanda ya yi sanyin ƙafa. Filin a buɗe yake, ba dogon haki, kuma a ɓangaren Ndutu an yarda mota ta sauka daga hanya ta matsa kusa. In don ganin garken a cike da ganin farauta ne, ban san watan da ya kai wannan ba.

Afrilu da Mayu ruwa ne kamar da bakin ƙwarya. Farashi kan sauka sosai, amma hanyoyi sun jagwalgwale, wasu sansanonin ma a rufe. Yuni garken yana yamma wajen kogin Grumeti. Wannan na wanda ya taɓa zuwa ne, yana son sabon wuri.

Daga Yuli zuwa Oktoba kuma sai kogin Mara, wanda shi ne ake gani a talabijin. A nan nake so mai saye ya buɗe ido. Babu kamfanin da zai iya sayar maka da tsallaka kogi, don ba a hannunsa take ba. Nyumbu kan taru a gaɓa dubbai, ƙura ta turnuƙe, kukansu ya cika kunne kamar na kwaɗi a fadama. Na gaba ya leƙa ruwa, ya ja da baya. A yi awa uku a haka, rana tana dukan rufin mota, sai kawai su juya su watse cikin ciyawa. Wata rana kuwa ba zato guda ya faɗa, sauran su bi shi kamar an ɓalle madatsa, kadoji su taso, cikin minti ashirin an gama. Kuma ba kada ne ya fi kashe su ba, turmutsutsu ne da nutsewa a inda gaɓar fita ta yi tsayi: wani bincike da aka buga a 2017 ya gano fiye da 6,000 ke nutsewa a kogin duk shekara. Wanda ya yi kwana biyu a bakin kogi sa'a kawai yake nema. Mai kwana huɗu ya fi shi kusa da gani nesa ba kusa ba.

Ƙasashen biyu

Masai Mara ƙarama ce, murabba'in kilomita 1,510, ba ta ma kai Yankari ba. Serengeti kuwa 14,750 ce, ta ninka Yankari fiye da sau shida. Daga wannan bambancin sauran suka fito. A Mara dabbobi a cunkushe suke, ba ka daɗewa ba ka ga zaki ba, amma motoci ma haka suke a cunkushe, musamman a Agusta lokacin hutun Turawa. Daga Nairobi awa biyar zuwa shida ne a mota ta garin Narok, ko kuwa ƙasa da awa guda a ƙaramin jirgi daga filin Wilson. Serengeti tana bukatar kwanaki. Daga garin Arusha na Tanzaniya zuwa Seronera, tsakiyar gandun, wuni ake yi a hanya, Kogatende da ke arewa a bakin kogi kuma ta fi nan nisa, don haka yawanci jirgi ake bi. Mutane da yawa ba su san cewa kogin Mara ya ratsa ta cikin Serengeti ba, kuma tsallakar da ake yi a Kogatende da Lamai ba ta gaza ta Kenya ba.

Kuɗin shiga ya sauya lissafin da aka saba. Tun 2024 ƙaramar hukumar Narok, mai kula da Mara, take karɓar dala 200 a wuni daga baƙo babba tsakanin Yuli da Disamba, dala 100 a sauran watanni. Wuni huɗu a lokacin ƙaura dala 800 ke nan kan mutum ɗaya, ba masauki ba mota. Serengeti dala 70 ce a awa 24, da haraji ta kusa 83, sai kuma wani kuɗin daban na kwana a cikin gandun. To amma jirgin zuwa arewa da tsadar sansanonin can kan cinye rarar.

Ga mai koren fasfo akwai maganar da ta fi kuɗin shiga nauyi. A 2025 Kenya ta ɗauke wa 'yan yawancin ƙasashen Afirka takardar izinin shiga ta intanet. Tanzaniya kuwa ta daɗe da sa Najeriya da Nijar da Chadi cikin ƙasashen da sai hukumar shige da fice ta amince tukun a ba su biza. Ba a karɓa a filin jirgi, kuma kyawunta a nema da sauran wata biyu. Kada ka biya kuɗin sansani wanda ba a mayarwa kafin bizarka ta fito. Katin rigakafin shawara kuma ka riƙe shi kamar fasfo. Wajen jirgi, Ethiopian Airlines na tashi daga Kano zuwa Addis Ababa, daga can akwai na Nairobi da na Kilimanjaro da ke kusa da Arusha. Kenya Airways kuma na zuwa Nairobi kai tsaye daga Legas.

Masu son haɗa ƙasashen biyu su sani: nyumbu ne kawai ke ƙetarawa ta cikin daji. Ɗan Adam sai ya zagaya ta kan iyakar Isebania da Sirari, wuni guda ya tafi. In kwanakinka ba su kai goma ba, ka tsaya wa ƙasa ɗaya.

Masauki da mota

Mafi araha shi ne shiga rukuni: kwana uku daga Nairobi, ƙaramar bas mai buɗaɗɗen rufi, a kwana a tanti a wajen ƙofar gandu, wajen Sekenani ko Talek ko Oloolaimutia. Ba laifi, dabbobin ɗaya ne. Amma a lissafa da kyau. Ranar farko da ta ƙarshe a hanya suke ƙarewa, cikakken wuni ɗaya tak ke gare ka, kuma daga wasu ƙofofin zuwa mashigin kogi tafiya ce mai tsawo, kullum zuwa da dawowa. Sau da yawa arahar nan ba ta haɗa da kuɗin shiga ba, sai a ƙofa ka ji.

Manyan otal-otal na cikin gandu suna da wuta da ruwan zafi da wurin ninƙaya, sun dace da mai iyali ko mai tafiya da dattijai. Aibinsu ɗaya, gini ba ya tashi. In garken ya yi nisa, kai za ka bi shi da mai da lokaci.

Na uku su ne sansanonin da ke ƙaura da garken, kamar rugar Fulani: a kafa tantuna a Ndutu daga Disamba zuwa Maris, a naɗe a koma Kogatende daga Yuli. Tanti ne amma da gado na sosai da banɗaki a ciki, ruwan wanka ake ɗumamawa a zuba maka a bokitin da aka rataye. Da dare kana jin numfashin nyumbu a bayan tanti. In da hali, nan zan sa kuɗina.

Sai filayen al'umma da ke kewaye da Mara, irin su Mara North da Naboisho da Olare Motorogi. Ƙasar ƙabilar Masai ce da aka ɗauka haya, masu ita suna karɓar kuɗi, an kuma ƙayyade yawan baƙi. A nan ana fita da dare, ana yawo a ƙafa da jagora, abin da ba a yi a babban gandun. Akwai natsuwa, akwai tsada, kuma ranar da za ka je kogi sai an biya kuɗin shiga gandun. Ka tambaya ko an sa shi cikin farashin.

Ni a ganina gara ka rage daga kyan ɗaki ka ƙara a mota da jagora. Land Cruiser ta fi bas a taɓo da gangare. Mutum shida a mota, kowa da tagarsa. In an ce bakwai ko takwas, wani zai wuni yana kallon ƙeyar wani. Jagora nagari yakan tsaya can baya a inuwa har sai dabbobin sun fara shiga ruwa sannan ya matsa. Wanda ke kutsa mota bakin gaɓa shi ke tarwatsa su, wani lokaci ya tura su mashigi mai haɗari. A 2025 hotunan motoci sun tare hanyar garken sun yaɗu a duniya, abin ba daɗin gani. Kada ka zama kai ne mai matsa wa direba ya yi haka don hoto.

Balan-balan mai ɗaukar mutane sama da asuba takan kai dala 500 ko fiye, na kimanin awa guda. Tana da kyau, amma in zaɓi ne tsakaninta da ƙarin kwana ɗaya kusa da garken, ɗauki kwanan. In ka hau, ka sanar tun farko cewa ba ka shan giya, don da ita suke buɗe karin kumallon da ke biyo baya.

Kafin ka tura kuɗi, duba ko kamfanin yana cikin ƙungiyar kamfanonin yawon buɗe ido, wato KATO a Kenya ko TATO a Tanzaniya. Ka sa su rubuta maka sunan kowane sansani, da nisansa da kogi ko da Ndutu, da abin da farashin ya ƙunsa, da abin da za a mayar maka in biza ta ƙi. Maganar naman halal ma a rubuce, don ɗakin girkin daji tun daga gari yake sayo kayansa.

Shawarata ga mai zuwan farko da fasfon Najeriya ko Nijar: Masai Mara a Satumba ko farkon Oktoba, bayan cunkoson Agusta ya lafa, kwana huɗu, a sansani na kusa da kogi, in so samu ne ɓangaren yammacin gandun da ake kira Mara Triangle. Wanda ke da lokacin jiran biza, yana kuma son ganin garken gaba ɗayansa, ya nufi Ndutu a Fabrairu.

Ƙananan jiragen daji kilo 15 suke ɗauka, cikin jaka mai laushi, ba akwati ba. Ka bar leda a gida, Kenya ta hana ta tun 2017, Tanzaniya tun 2019. Kaya baƙi da shuɗi suna jawo ƙudan tsando, ka nemi masu launin ƙasa. Kuma ka sa rigar sanyi mai kauri a saman jaka: wurin tudu ne, sama da mita 1,500, asubar Yuli a buɗaɗɗiyar mota kamar ta Jos ce a tsakiyar hunturu.