Wasiƙa daga Alaska: naman da ba ya shiga kasuwa

Kawu, barkanku da warhaka. Ina gaishe ku da iyali, a gaida min Inna da kyau. Yaya ya faɗa min kun yi ta dariya da kuka ga hotona goye da cinyar nama kamar jakin 'yan itace, kuka ce yaron da bai taɓa ɗana tarkon kurege ba ya zama maharbi a ƙasar Turawa. Ban zama ba tukuna, ɗan dako ne ni. Amma tunda kun nemi labari, ga shi.

Dabbar sunanta mus. Ku ɗauki gwanki ku ƙara masa tsayi har ya wuce doki, ku ba shi hancin raƙumi da ƙaho mai faɗi kamar faifai biyu. Babban namiji yakan kai kilo 600 zuwa 700. Hukumar kifi da namun daji ta wannan jiha ta Alaska, a Amurka, ta ƙiyasta akwai tsakanin 175,000 da 200,000, ana kuma harbe 6,000 zuwa 8,000 duk shekara. Jihar ta kusa ninka Najeriya biyu a faɗi, mutanenta ba su kai 750,000 ba.

Abin da ya fara ɗaure min kai shi ne ba a sayar da naman. A gida in kun harbo gada da asuba, kafin azahar tana rataye a bakin titi ana tayi. Nan ko kana da kuɗin Ƙaruna ba ka samun kilo ɗaya na mus a kanti ko gidan abinci, don sayar da shi laifi ne. Ko ka harbo, ko a ba ka kyauta. Kanti sai naman sa da kaza da aka ɗauko daga can kudu, da tsada. Na halal kuma, mu da ke Fairbanks, sau da yawa sai an yi mana saƙo daga Anchorage, birni mafi girma a jihar.

Farauta da takarda ake yi. Wanda ya cika wata goma sha biyu zaune a jihar, ko da ba ɗan ƙasa ba ne, lasisinsa dala 45 a shekara. Mai ƙaramin ƙarfi dala 5. Wanda ya kai shekara sittin kyauta ake ba shi har ƙarshen rayuwa, da kuna nan da ba ku biyan ko sisi. Baƙo shi ake tatsa: ɗan wata jiha zai biya 160 na lasisi da 800 na mus guda, ɗan wata ƙasa 630 da 1,000, kuma dole ya ɗauki ɗan jagora mai rajista, wanda ladansa kan haura dala 20,000. Bayan wannan akwai harajin kashi 11 cikin ɗari a kan bindigogin farauta da harsashi, wanda tun 1937 ake mayar wa jihohi don kula da daji. Lissafin naira na bar wa ɗan canji, kada hawan jininku ya tashi.

An yanka jihar gida 26, kowane da lokacinsa da ƙa'idarsa, duk suna cikin wani littafi da ake rabawa kyauta a shagunan bindiga. A watan Satumba na bi abokin aikina da ƙaninsa cikin kwalekwale mai inji. A yankin da muka je ba a taɓa mace. Namiji ma sai ƙarami mai ƙaho tsinke ko mai reshe biyu, ko kuma babba wanda faɗin ƙahonsa ya kai inci 50, ko wanda rassan gaban ƙahonsa suka cika adadin da littafi ya ce. Kwana na uku wani ƙato ya fito bakin fadama, tazararmu ba ta fi ta ƙofar gidanku zuwa masallaci ba. Mutumin nan ya sa madubin hangen nesa yana ƙirga rassa, ya ƙirga ya sake, dabbar na ta kiwonta. Can ya sauke bindiga ya ce bai tabbata ba. Kawu, na kusa kuka. Daji ne ba kowa, mu uku sai Allah. Sai daga baya na gane ba tsoron Allah kaɗai ba ne: 'yan sandan daji suna yawo da ƙaramin jirgi, in ƙaho ya gaza ko da inci ɗaya ne a ƙwace naman, a ci ka tara.

Kwana na biyar aka samu. Nan aikin ya fara, don doka ta ce duk naman da ake ci sai an kwashe shi kafin a ɗauki ƙaho. Wanda ya bar cinyoyin baya suka ruɓe, mafi ƙarancin hukuncinsa kwana bakwai a kurkuku da tarar dala 2,500. Cinya ɗaya ta fi buhun siminti nauyi, ga taɓo har gwiwa. Hoton da kuka gani kenan. Na tambayi malaminmu tun kafin tafiya, ya ce farautar bindiga ta halatta in an ambaci sunan Allah wajen harbi, in an tarar da rai a yanka. Da muka isa yana sauran motsi, ni na sa wuƙa.

A gari akwai mahauta da wannan ne aikinsu a kaka: ka kai, su auna, su yanka, su niƙa, su ƙulle a leda da suna, ka biya bisa nauyi. Kowane gida da ƙatuwar firiza. Sannan cikin kwana goma sha biyar ka kai rahoto ta intanet, inda ka harba da girman ƙaho. Ko ba ka samu komai ba sai ka faɗa. In an haɗa mai da tanti da kwanakin aikin da aka rasa, ban ce naman araha ba ne, gaskiya.

Abubuwa biyu sun tuna min gida. Tsoho mai shekara 65 ko makaho yana iya ba wani takardarsa ya harbo masa. Kuma mus ɗin da mota ta buge, ɗaruruwa ne a shekara, 'yan sanda suna da jerin sunayen mabuƙata da ƙungiyoyin agaji, ko tsakar dare ne a kira wanda layi ya zo kansa ya je ya feɗe. 'Yan asalin ƙasar na ƙabilar Atabaskan ma, tun wata shari'a ta 1979, an yarda su harbi mus ba a lokacinsa ba don sadakar mamaci.

To kada ku ɗauka komai daidai yake. Can arewa maso yamma, wajen Kotzebue, ba hanyar mota, kayan kanti jirgin sama ke kawowa, madara ma sai mai hali. Abincin mutane shi ne karibu, wata barewa mai ƙaho kamar reshen bishiya da ke tafiya garke-garke. Ana ƙirga su a watan Yuli, lokacin da sauro da ƙuda suka matsa musu suka cure wuri guda: an riga an sa wa wasu abin wuya mai rediyo, jirgi ya bi sauti, ya ɗauki hoto daga sama, a zauna a lissafa. Babban garken wajen ya kai 490,000 a 2003. A 2023 saura 152,000. A da an yarda mutum ya harbi biyar a rana, a 2024 aka mayar da shi goma sha biyar a shekara, mace guda kacal a ciki. Mutanen ƙauye suna zargin 'yan birni masu zuwa da jirgi da karkatar da hanyar garken, masana suna maganar ɗumamar yanayi da ruwan sama da ke daskarewa a kan ciyawa. Wani garken a kudu maso yamma, Mulchatna, ya faɗo daga kusan 200,000 zuwa ƙasa da 15,000, aka rufe farautarsa, a 2023 kuma gwamnati ta harbe beyar, wata ƙatuwar dabba mai cin nama, kusan ɗari daga jirgi mai saukar ungulu don 'ya'yan karibu su rayu. Maganar ta kai kotu. Ni dai wannan bai kwanta min ba, ko da yake ba ni ne zan kwana da yunwa a ƙauye ba.

Kun sha gaya min yadda kanki da ɓauna suka cika dajin Lame zamanin ƙuruciyarku, in na ce yaushe suka ƙare sai ku ce an wayi gari ne kawai. Nan sun san shekarar da abu ya fara raguwa da yawan da ya rage, amma hakan bai hana karibu raguwa ba. Ina so ku tambayar min Sarkin Baka, in da za a ce a bar mata a riƙa harbin maza kaɗai, yaransa za su ji?

Rabona kilo arba'in aka ba ni. Na gwada kilishi, amma rana a nan yanzu leƙowa take ta koma, sai a tanda na busar, ya fito kamar fatar ganga. Don Allah Inna ta daka min yaji da ƙuli-ƙuli, akwai mai tahowa bayan sallah, Yaya ya san shi.